Sai Baɗi: Tsakanin Rediyon Maƙwabcina da Gwangwanin Gurguzuna

Yau ba sharhin littafi na zo da shi ba. Labarin bayan gidana ne, da na wani dattijo maƙwabcina, da wata gardama da muka shafe shekara bakwai muna tafkawa ta saman shinge. Ina zaune ne a kudancin birnin Shikago na ƙasar Amurka, kuma duk wanda ya zauna a garin nan ya san cewa daga ƙarshen Satumba zuwa tsakiyar Oktoba lokaci ne na naɗe tabarma. Abu biyu ke ƙarewa kusan tare: kakar wasan besbol, wato ƙwallon nan da ake bugawa da sanda, da kuma lambun bayan gida. Mai kallon ƙwallo da mai lambu duk kalma ɗaya suke furtawa a wannan lokaci, wato "sai baɗi". Ni kuwa ra'ayina shi ne, kalmar nan a bakin mai kallon ƙwallo ado ce, amma a bakin mai shuka tana iya zama guba. Ban gane haka da wuri ba, sai da na kusa yin asarar abin da ba ya sayuwa da kuɗi.

Bari in fara da dattijon. Baƙar fata ne, ya haura shekara 80, tsohon direban bas. Yana yaro iyayensa suka baro jihar Misisipi, cikin ayarin baƙaƙen fatar da suka gudo daga kudu suka cika garuruwan arewa. Yana da wata 'yar rediyo da yake ratayawa a jikin shingen da ya raba mu, kuma daga ƙarshen Maris har ƙarshen Satumba ba ta da aiki sai kawo masa wasan ƙungiyar White Sox, wadda filinta ke kan titi na 35, ba nisa da mu sosai. Yana cire ciyawa yana saurare, yana ban ruwa yana yi wa 'yan wasa faɗa kamar suna jin sa. Ta wannan rediyo na koyi wasan, ba don na so ba, sai don ba yadda zan yi in toshe kunne.

Ga wanda bai san wasan ba, a taƙaice: mutum ɗaya ya jefo ƙwallo, wani ya yi ƙoƙarin maka mata sanda, in ya same ta ya ruga ya zagaya tasha huɗu ya dawo gida, shi ne ci ɗaya. Zagaye 9 ake yi. Amma ba wannan ne ya ɗaure min kai ba, yawan wasan ne. Kowace ƙungiya wasa 162 take yi a kaka guda, kusan kullum ke nan, ba irin ƙwallon ƙafa ba da ake jira daga Asabar sai Asabar. Shi ya sa ya fi kama da damina fiye da biki: yau an samu, gobe an rasa, jibi a sake fita. Ba wanda ke tsira daga faɗuwa a cikinsa. Ƙungiyar Seattle da ta ci wasa 116 a 2001, adadin da har yau ba a wuce shi ba, ita ma sau 46 aka kayar da ita a wannan shekara. Mai bugun da ke samun nasara sau uku cikin goma gwani ne, ana rububinsa. Wato dai wasa ne da aka gina shi a kan sabo da shan kaye.

To amma ko a shan kaye akwai na kai wa maƙura. A 2024 White Sox ta ci wasa 41, aka cinye ta 121. Tun da aka shiga ƙarni na 20 ba ƙungiyar da ta taɓa faɗuwa haka a babbar gasar; ta shafe tarihin New York Mets ta 1962 mai faɗuwa 120. Daga Yuli zuwa farkon Agusta sau 21 a jere aka doke ta. Kuma wallahi dattijon nan bai tsallake wasa ko ɗaya ba. Daren 27 ga Satumba, da aka yi musu na 121 a Detroit da ci 4 da 1, ina tsaye ina duba yakuwata da tocila na ji ya kashe rediyo, ya yi shiru, sannan ya ce, "To, sai baɗi." Ba da ɗaci ya faɗa ba. Kamar mai cewa sai da safe.

Mutanen Shikago sun gaji wannan kalma. Ƙungiyar Cubs ta arewacin gari ta ɗauki kofin ƙarshe a 1908, ba ta sake ba sai 2016, shekara 108. White Sox ta ɗauka a 1917, sai kuma 2005, shekara 88. Akwai waɗanda aka haifa, suka yi aure, suka ga jikoki, suka mutu suna cewa sai baɗi. Shi kansa dattijon ya haura sittin kafin ya ga kofi da idonsa. Don haka in ya yi maganar haƙuri, ba a littafi ya karanta ba.

Yanzu ga nawa ɓangaren. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, manomi ne a ƙasar Bichi, kuma kamar kowane manomi a wajenmu, yakuwa yake zagaye iyakar gonarsa da ita. Da ya rasu a 2018, ƙanwata ta aiko min da gurguzun yakuwar nan cikin gwangwanin madara, bayan doguwar wahalar takardar izini, don a nan ba a wasa da shigo da iri. Burina ɗaya ne: 'ya'yana, waɗanda a nan aka haife su, su sha zoɓon da ya fito daga irin kakansu, a bayan gidan ubansu. Na fara shukawa a 2019.

Abin da ke faruwa kowace shekara iri ɗaya ne. In tsirar da ita a cikin ɗaki tun Afrilu, in dasa a waje a ƙarshen Mayu. Ta kama, ta yi tsawo har ta fi ni, kara ja wur, ganye shar, duk wanda ya gani sai ya tsaya. Yuli ya wuce ba fure. Agusta ya wuce ba fure. Sai can wajen ƙarshen Satumba ta fara fitar da 'yan ƙananan tohon fure, raina ya yi fari, in kira uwargida ta zo ta gani. Sannan wata safiya a Oktoba in fito in tarar raɓa ta daskare a kan ciyawa fari fat, yakuwa ta yi baƙi ta lanƙwashe kamar an watsa mata tafasasshen ruwa. Ba zoɓo, ba kuma sabon gurguzu. Sai in kalli dattijo, ya kalle ni, mu haɗa baki mu ce sai baɗi.

Da farko taswira na ɗora wa laifi. Masu lambu a Amurka suna da wata taswira da Ma'aikatar Noma ta ƙasar ke fitarwa, wadda ta kasa ƙasar zuwa shiyya 13, daga ta 1 a tsakiyar Alaska zuwa ta 13 a wurare masu ɗumi irin Hawai. Kowace shiyya tazarar digiri 10 ce a ma'aunin Faranhait, an kuma raba ta gida biyu, a da b. Kana sa lambar unguwarku a intanet za a gaya maka taka. Mafi yawan birnin Shikago a 6a yake. Duk wanda ka haɗu da shi a shagon sayar da shuke-shuke, tambayarsa ta farko ita ce shiyyarka nawa, kamar yadda a gida ake tambayar mutum ɗan wane gari ne. Da aka sabunta taswirar a Nuwamban 2023, aka ce kusan rabin ƙasar ya matsa rabin shiyya zuwa ɗumi, har murna na yi, na ce to ga shi zamani ya fara juyowa wajen yakuwata.

Wauta ce, kuma ina ganin mutane da yawa suna yin irinta. Lambar nan abu guda kawai take faɗa: in aka ɗauki daren da ya fi kowane sanyi a kowace shekara, aka haɗa na shekara 30, daga 1991 zuwa 2020, mene ne matsakaicinsu. A 6a ya kama tsakanin digiri 23 da 21 ƙasa da sifiri a ma'aunin Salshiyos. Amfaninta shi ne ka san ko itace ko wata shuka mai shekaru za ta iya ƙetare hunturu a waje. Ba ta ce komai ba game da tsawon bazara, ko zafinta, ko ruwan sama, ko ranar da raɓa za ta fara daskarewa. Kuma ko a kan sanyin ma matsakaici ne, ba alkawari ba: a ƙarshen Janairun 2019 sanyi a Shikago ya kai wajen digiri 30 ƙasa da sifiri, bai nemi izinin taswira ba. Ita kanta ma'aikatar ta ja kunne cewa wani ɓangare na sauyin ya zo ne daga ƙarin tashoshin auna yanayi da sabuwar hanyar lissafi. Yakuwa kuwa ba ruwanta da hunturu, tunda shekara ɗaya take yi. Na shekara huɗu ina tambayar taswira abin da ba a yi ta don ta amsa ba.

Ashe matsalar a sama take, a tsawon yini. Yakuwa tana cikin shuke-shuken da ba sa fure sai sun ji dare ya yi tsawo, yini ya sauko kusa da awa 12. A Kano, da ke kan digiri 12 arewa da tsakiyar duniya, yini ba ya nisa da awa 12 duk shekara. Ko a Yuni bai cika awa 13 ba. Da ya ɗan ragu a ƙarshen damina sai ta yi fure, kuma tana da watanni na rana da ɗumi a gabanta ta nuna a tsanake. Shikago kuwa kusan digiri 42 take. A Yuni yini ya haura awa 15, ba ya saukowa 12 sai wajen ƙarshen Satumba. Lokacin da yakuwata ta ji alamar da take jira, saura mata mako biyu ko uku sanyi ya kashe ta. Ba ta yi laifi ba. Agogon Bichi ne a cikinta, kuma daidai yake bugawa, garin ne ba nata ba.

Abin kunyar shi ne, wannan ilimi ne da mahaifina ya sani ba tare da ya ga taswira ba. Dawar gargajiya irin su ƙaura da farafara, da maiwa, duk haka suke: ko ka shuka da wuri ko a makare, suna jiran yini ya ragu ne su fitar da kai, daidai lokacin da ruwa ke ɗaukewa a yankin da suka saba. Shi ya sa manomin Damagaram ba ya zuwa kudancin Zariya ya ɗebo irin dawa, ya san ruwa zai tafi ya bar ta tana ganye. Ba wanda ke shuka doya a Daura ya zauna yana cewa sai baɗi. In ya yi, ba za a kira shi mai haƙuri ba, wani suna za a ba shi. Amma ni, da na tsallaka teku, sai na mai da abin da a gida sunansa rashin sani ya zama wai kishin asali.

Na yi dabara sau ɗaya, kada a ce ban yi ba. Masu noman furanni na kasuwa suna yaudarar irin waɗannan shuke-shuke ta hanyar rufe su da baƙin ƙyalle tun da yamma, su ɗauka dare ya yi. A Agustan 2023 na haɗa kwalin firji da baƙin mayafi, ƙarfe shida na yamma in kifa, bakwai na safe in buɗe. Kwana goma na jure. Aikin dare ya zo, iska ta ɗauke kwalin ta jefa gidan wasu, uwargida ta ce ita ba ta auri mai yi wa ganye lulluɓi ba. Nan zancen ya mutu.

A Oktoban 2025, bayan raɓa ta sake yin aikinta karo na bakwai, na zazzage gwangwanin a kan faranti na ƙirga. Ƙwaya 43 suka rage. Kuma cikin 12 da na shuka a wannan shekara biyar kaɗai suka tsiro, don iri ma yana tsufa. Nan jikina ya yi sanyi. Na je shinge na gaya wa dattijo cewa na daina.

Bai ji daɗi ba. Ya ce, "Ɗana, wanda ya bar ƙungiyarsa don tana faɗuwa, ranar da ta ci kofi ba shi da rabo a murnar. Da na bi irin lissafinka, da ban ga 2005 ba."

Na ce, "Baba, kai in ƙungiyarka ta faɗi sau 121, watan Fabrairu na zuwa za su taru a Arizona su fara atisaye, ga sababbin yara, ga sabon kaya. Faɗuwarsu ba ta rage komai a aljihunka ba sai batirin rediyo. Ni kowace sai baɗi ƙwaya goma sha biyu take ci daga abin da ubana ya bari, kuma ba ta mayar da ko ɗaya."

A nan ne nake ganin bambancin yake, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Mai goyon bayan ƙungiya ba shi da abin yi sai jira. Ba shi ke zaɓen 'yan wasa ba, ba shi ke jifa ba. Haƙurinsa kyakkyawa ne domin ba shi da wani makami sai shi. Ita kuwa ƙungiyar, wadda abin ke hannunta, ba ta zauna tana cewa sai baɗi ba: tun a Agustan 2024 ta sallami kocinta, ta yi ta musayar 'yan wasa, a 2025 ta ci 60. Har yanzu faɗuwa ce, sau 102, amma an motsa. Mai lambu ba ɗan kallo ba ne, shi ne mai ƙungiyar, shi ne koci. In ya ari haƙurin ɗan kallo ya yafa, ya gudu ne daga aikinsa, wato zama a ƙarshen kaka ya yi wa kansa hisabi: me ya yi, me bai yi ba, don me, kuma me zan canza.

Abin dariyar ma, shi dattijon da ke min wa'azin riƙon amana, a lambunsa ba shi da tausayi ko kaɗan. Mahaifinsa a Misisipi har rake yake shukawa, shi bai taɓa gwadawa ba. Kuɓewarsa iri ce mai saurin haihuwa, wata biyu ta fara ba shi, kuma ba ya sa ta a ƙasa sai ƙasa ta ɗumama sosai a farkon Yuni. Yana da wani ganye mai faɗi dangin kabeji da mutanen kudu ke ji da shi, wanda yake sake shukawa a tsakiyar bazara da gangan domin sanyi ya same shi, don daskararriyar raɓar da ke kashe yakuwata ita ke ƙara wa nasa zaƙi. Duk shukar da ta ba shi kunya shekara biyu, ya tumɓuke ta ba waiwaye. Na faɗa masa haka. Ya yi dariya har da tari, ya ce ai rediyo daban, cebur daban. To ai abin da nake faɗa ke nan.

'Yan'uwanmu da ke zaune a ƙasashen sanyi na lura mun kasu biyu a wannan harka. Akwai masu cewa nan ba abin da ke fita, su tattara su tafi shagon 'yan Afirka su sayi busasshiyar kuɓewa da tsadar tsiya. Akwai kuma irina, masu dagewa sai abin gida, a yadda ake yin sa a gida, a lokacin da ake yin sa a gida. Dukkanmu ba wanda ya tsaya ya tambayi ƙasar da yake takawa. Alhali bazarar Shikago, ko da yake gajera ce, tana da zafi da dogon yini, kuma abubuwa da yawa namu suna son haka. Alayyafo har ciyawa yake zama, sai ka gaji da tsinka. Lalo na yi, kuɓewa na yi, gauta na yi, attaruhu na yi in ka tsirar da shi a ɗaki tun Maris. Zogale na ba da ganye har sanyi ya zo ya kwantar da shi, ka ɗauke shi a matsayin shukar shekara ɗaya ka huta. Ita kanta yakuwar ba ta taɓa hana ni ganye ba; shekara bakwai muna shan fate da miyar da ba a sayar da irinsu a garin nan, ina ta kallon furen da bai zo ba ina raina ganyen da ya zo.

Zan ba dattijo gaskiyarsa a wuri guda. Da lissafi kaɗai mutum ke bi, da ba wanda zai shuka komai, tunda tumatir ɗin shago ya fi arha in ka haɗa kuɗin taki da ruwa da ciwon baya. Akwai wani abu na son zuciya a cikin lambu, irin wanda ke sa tsoho ya saurari faɗuwa 21 a jere bai canza tasha ba, kuma ban raina shi ba. Ba don shi ba da 'ya'yana ba su san ƙamshin yakuwa ba. Iyakar maganata, son ya tsaya a kan abin da kake son ya rayu, kada ya koma kan ganin lallai a hannunka zai rayu.

Don haka na ɗauki waya na kira wani yayana, ɗan wan mahaifina, da ke zaune a Houston ta jihar Teksas. Su shiyya ta 9 suke, amma ba lambar ce ta ja ni ba. Abin da na tambaye shi shi ne yaushe sanyi ke fara kashe ganye a wajensu, ya ce sau da yawa sai Disamba. Wato bayan yini ya sauko a Satumba akwai sauran wata biyu cur. Na ce, "Yaya, zan aiko maka da amanar Baba." Ya yi shiru, sannan ya ce in aiko, amma da sharaɗin ba zan riƙa damunsa da waya kullum ina tambayar ko ta yi fure ba. Na ce nawa sharaɗin gwangwani biyu na sabon gurguzu, da zoɓon da zai ishi yara. Na tura masa ƙwaya 35, na riƙe takwas don ganye. Na kuma yi odar wani irin yakuwa da aka samo daga ƙasar Tailan, wanda masu lambu ke yabo da saurin fure, zan gwada shi a kusurwa ɗaya, shekara biyu, in bai yi ba in bi sunnar maƙwabcina.

Kwamin da yakuwa ta bari na kaftu shi na dasa tafarnuwa, wadda ita a nan Oktoba ake sa ta, ta kwana a ƙarƙashin dusar ƙanƙara, a tone ta a Yuli. Ina cikin rufe ta da busasshen ganye rediyon dattijo na kawo wasan ƙarshe tsakanin Los Angeles da Toronto, ƙungiyoyin da ba ruwansa da su amma ya kasa kashewa. Ya leƙo ya tambaye ni ina na ce na aika irin. Na ce Houston. Ya riƙe baki ya ce, "Houston? Mutanen da muka yi wa huɗu ba ko ɗaya a 2005? Allah Ya sa sun fi iya noma." Sannan ya miƙo min damin ganyensa ta saman shinge, ya ce in gaya wa uwargida kada ta cika masa ruwa.